Muhawara: Koyar da yaran Larabawa lissafi da kimiyya da Turanci tun daga firamare

Malamar_AlAin
Assalamu alaikum malamai da iyaye na wannan zaure. Ina koyar da lissafi da kimiyya a aji uku, a wata makarantar kuɗi da ke Al Ain, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yarana kusan dukkansu Larabci ake yi a gidajensu: 'yan ƙasa, 'yan Siriya, 'yan Masar da 'yan Sudan kaɗan. Dokar makaranta ita ce darussan nan biyu da Turanci zalla za a yi su, littafi Turanci, jarrabawa Turanci.

Ga abin da ke damuna. In na rubuta 52 a ɗebe 27 a allo, mafi yawansu za su ba ni 25 babu ɓata lokaci. In na mayar da shi labari, na ce yaro yana da dirhami 52, ya sayi littafi na 27, nawa ya rage, sai aji ya yi tsit. Wanda ya iya ɗazu sai ya zuba wa takarda ido. Ƙarshen zango a rubuta masa ya faɗi lissafi, alhali ni na san Turanci ya faɗi.

A ganina daga aji ɗaya zuwa huɗu da Larabci ya kamata a koyar, a ƙarfafa Turanci a darasinsa na daban, sannan a juya a hankali. Iyaye kuwa ba sa son jin haka. Ku da kuke wasu ƙasashe, me kuka gani?

Abu_Hanan_Doha
Wa alaikumus salam Malama. Katar ta bi wannan hanya ta dawo. A 2002 aka kafa majalisar ƙoli ta ilimi, bayan cibiyar bincike ta RAND daga Amurka ta duba musu makarantu ta ba da shawara. A 2004 aka buɗe makarantun da suke kira masu cin gashin kansu, aka sa lissafi da kimiyya da Turanci. Kin san kuɗi ba matsala ba ne a nan, gine-gine da kwamfutoci duk an zuba. Amma malaman da ke cikin aji yawancinsu Larabawa ne daga Masar da Jodan da sauransu, da Larabci suka yi karatunsu, aka wayi gari aka ce su koyar da harshen da su kansu suke lallaɓawa. Zuwa 2012 aka mayar da darussan Larabci. A wannan shekarar ma Jami'ar Katar ta mayar da fannoni irin su shari'a da kasuwanci da aikin jarida zuwa Larabci. Don haka ina tare da ke.

Injiniya_KD
Ni ban yarda ba. Ku duba ƙarshen tafiyar. Yaron nan in ya kai jami'a zai karanta likitanci ko injiniya da wane harshe? A kusan duk ƙasashen yankin Gulf da Turanci ne. Na yi aiki da samarin Larabawa masu kaifin basira da suka ɓata shekara guda cur a ajin share fage suna koyon Turanci kafin a bar su shiga jami'a. Wannan matsalar ce ta sa Abu Dhabi ta fito da tsarinta na koyar da lissafi da kimiyya da Turanci tun 2007. Gara yaro ya sha wahalar yana ɗan shekara 8, lokacin da harshe ke saurin kama shi, da ya sha ta yana ɗan 18.

Malamar_AlAin
@Injiniya_KD, ɗan gyara. Wanda aka fara a 2007 shi ne Madares Al Ghad, na ma'aikatar ilimi ta tarayya. Na Abu Dhabi a 2010 aka ƙaddamar da shi, daga ajin yara zuwa aji uku, ana ƙara aji ɗaya kowace shekara. Sun ɗauko malamai daga Amurka, Ingila, Kanada, Afirka ta Kudu da sauransu. Kuma ka lura, a ajin ƙananan yara malamai biyu suka sa, mai Larabci da mai Turanci a ɗaki ɗaya. Su kansu sun san Turanci shi kaɗai ba zai ɗauki yaro ba. Mu a makarantun kuɗi ba mu da wannan gatan, malama ɗaya ce da yaranta.

Ummu_Sadiq
Ku yi haƙuri in yi magana a matsayin uwa. Muna Jidda, yarana duk a nan aka haife su, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Babban ya yi makarantar Larabci tun daga farko, lissafinsa babu na biyunsa a aji. Da muka tura shi gida Kano don ya rubuta WAEC da JAMB, sai da ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. Sunan kowane abu sabo, hatta yadda ake jera lissafi a takarda. Yaro yana kira yana kuka a waya. Shi ya sa ƙannensa na sa su makarantar Turanci tun daga aji ɗaya, ko da kuɗin yana cinye mu. Malama, in kika ga iyaye sun nace, ba rashin son Larabci ba ne. Akwai abin da muka gani.

Ɗan_Maiwurno
Allah ya raya su Hajiya. Ni Bahaushen Sudan ne, a Sinnar na yi firamare, kuma na koyar da lissafi kafin yaƙin Afrilun 2023 ya kore mu zuwa Alƙahira. Akwai abin da Malama ba ta taɓo ba. In an ce a koyar da Larabci, wane Larabcin? Yaro ɗan shekara 6 a Khartum ko Alƙahira ko Dubai ba ya jin Larabcin littafi. Da darija ya tashi, wato Larabcin da ake yi a gida da titi. Fusha, Larabcin littafi, a makaranta yake haɗuwa da ita, sai kuma a karatun Alƙur'ani da wasu zane-zanen yara na talabijin. Kalmar da uwarsa ke faɗa in za ta ce "nawa" ko "yanzu" ko "ina so" ba ita ce a littafi ba. To yaron da ke ajin Malama harsuna uku yake ɗauke da su: na gida, na littafin Larabci, da Turanci.

Duk da haka tsakanin darija da fusha tazara ce gajera. Mu a aji littafi da fusha yake, bayani da darija, yara suna fahimta. Tsakanin darija da Turanci kuwa babu gada ko kaɗan sai wadda malami ya gina da hannunsa.

Sabon_Malami
Don Allah Malamar_AlAin ya ake samun aikin koyarwa a can? Ina da NCE a lissafi da fiziks.

Mai_Kula_da_Zaure
@Sabon_Malami, akwai zaren neman aiki a sama, ka kai tambayarka can. Mu bar wannan a kan maganar da aka ɗauko.

Ɗan_Maiwurno
Bari in ƙara wani abu kan lambobi, don na tabbata Malama tana gani a littattafan yaranta. Mu Hausawa mun ari ashirin da talatin da arba'in daga Larabci, amma muna cewa ashirin da biyar, goma-goma a gaba. Balarabe yana cewa biyar da ashirin. Yaro yana jin lamba a kansa da Larabci, hannunsa ya fara rubuta 5 sannan 2, sai 25 ta zama 52. A tsarin Larabci ba kuskure ba ne, domin yana rubuta 5 a dama ya koma hagu ya rubuta 2, lambar ta fito daidai. Turanci ne ke sa shi fara rubutu daga hagu, sai ta juye.

Sannan alƙaluman kansu. A Masar da Sudan da ƙasashen Gulf biyar zagaye ce kamar sifirin boko. Sifiri ɗigo ne, mai kama da ɗigon da ake raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta a lissafin Turanci. Shida kuma ta yi kama da bakwai ta boko. Yaron da ke ganin ٥ a darasin Larabci da safe, ya ga 0 a darasin lissafi da hantsi, dole kansa ya ɗaure. A Maroko da Aljeriya da Tunisiya ba su da wannan matsalar, alƙaluman da muke amfani da su a Najeriya da Nijar suke rubutawa.

Malamar_AlAin
Wallahi haka ne Malam. Juya lamba kullum sai na gani. Ga kuma 13 da 30, 14 da 40, a Turanci sautinsu kusan ɗaya ne a kunnen yaro. In ina faɗar lamba sai na rubuta ta a allo a lokaci guda, in ba haka ba rabin aji su rubuta wata daban.

Baba_Tsohon_Hedimasta
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna ajina. Na yi aikin firamare a ƙasar Katsina har na yi ritaya. Abin da Malama ta faɗa ku cire Larabci ku sa Hausa, shi ne labarinmu. Yarinyar da ke tallan gyaɗa, ta ba ka canji daidai ko a cikin duhu, ita ce za a ce ba ta iya ɗebewa ba saboda an tambaye ta da Turanci.

An gwada wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara duk darussa da Yarabanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuma aka ba shi malami ƙwararre a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi fice. Sharaɗin shi ne an rubuta littattafai, an horar da malamai. To Larabci da yake da littattafai da maɗaba'u da jami'o'i tun kafin a haifi kakanninmu, in Yarabanci ya iya ɗaukar lissafin firamare, me zai hana shi?

Injiniya_KD
Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya ce Larabci ba zai iya ɗaukar lissafin firamare ba. Tambayata ita ce ina za a sauke yaron. Ku dubi Maroko. A shekarun 1980 suka mayar da lissafi da kimiyya Larabci har ƙarshen sakandare, jami'a kuwa ta ci gaba da Faransanci. Sakamakon? Ɗan talaka ya gama sakandare ya shiga tsangayar kimiyya bai jin abin da malami ke faɗa, ɗan mai kuɗi da ya yi makarantar Faransanci ya wuce abinsa. A 2019 majalisarsu ta zartar da dokar da ta buɗe ƙofar komawa Faransanci a waɗannan darussa. Wa ya biya kuɗin wannan gwaji na shekara talatin? 'Ya'yan marasa ƙarfi.

Ɗalibin_Azhar
Injiniya, misalinka ya nuna laifin rabin aiki ne. An gyara ƙasa an bar sama. Siriya tana koyar da likitanci da Larabci a Dimashƙa tun 1919, kuma likitocinta suna aiki a Jamus da Amurka da ko'ina. Sun koyi harshen waje daga baya, a kan ilimin da ya riga ya zauna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro Balarabe ya tashi yana zaton Larabci na salla ne da tarihi, Turanci kuma na hankali da ƙirƙira. Alhali aljebra daga littafin Khawarizmi ta samo sunanta, a Bagadaza, ƙarni na 9. Mu ma muna da namu: Muhammad al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rubuta littafin lissafi da Larabci a 1732, kan jadawalin lambobi da ke ba da jimla ɗaya ta kowane ɓangare, ya rasu a nan Alƙahira a 1741. In makaranta ta raba harsuna haka, wannan na addini wancan na kimiyya, yaro yana koyon wani darasi da ba a rubuta a manhaja ba.

Ummu_Sadiq
Malam ɗalibi, duk na yarda da tarihin. Amma ranar jarrabawa ba a tambayi ɗana Khawarizmi ba.

Ɗalibin_Azhar
Gaskiya ne Hajiya, kuma iyayen Masar ma haka suka ce. A nan akwai makarantun gwamnati da ake kira tajribiyya, suna koyar da lissafi da kimiyya da Turanci da kuɗi kaɗan, masu matsakaicin ƙarfi suna rububinsu. A 2018 da ministan ilimi na lokacin, Tarek Shawki, ya yi maganar mayar da su Larabci a matakin firamare, iyaye suka tayar da ƙura sosai. Hujjarsu ita ce mai kuɗi zai kai ɗansa makarantar ƙasa da ƙasa ya ci gaba da Turancinsa, su ne za a rufe wa ƙofa. Ina ganin damuwarsu. Abin da nake ƙi shi ne a ce mafita ɗaya ce tak.

Mai_Nazarin_Harshe
Assalamu alaikum. Fannina ke nan, bari in sa baki. Injiniya ya ce yaro yana saurin kama harshe. Harshen wasa da hira, e. Jim Cummins, wanda ya daɗe yana bincike kan yaran baƙi a Kanada, ya nuna yaro kan iya hira da sabon harshe cikin shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake bayani da kafa hujja da shi, yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Kuma wannan a ƙasar da ake Turanci a titi da kasuwa ne. Shi ya sa malamai ke ruɗuwa: yaro yana zuba Turancin da ya kwasa a YouTube, sai a ɗauka zai gane tambayar lissafi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne dabarar da malamai ke komawa gare ta in sun rasa yadda za su yi. Sai su ce wa yara in kun ga kalma kaza ku tara, in kun ga kalma kaza ku ɗebe. Ga misali: Ali yana da alewa 8, ya fi Umar da 3, nawa Umar yake da su? Yaron da aka haddace wa cewa kalmar "fi" tana nufin tarawa zai rubuta 11. Amsar 5 ce. Wannan yaron an koya masa farautar kalma, ba a koya masa tunani ba, kuma a aji biyar da shida, inda tambaya ke da mataki biyu ko uku, dabarar za ta watse masa.

Malama, tun da ba ke kike da ikon sauya doka ba, ga abin da ke hannunki. Fara da abin taɓawa, marafan kwalba ko tsinke ko kuɗin wasa. Daga nan zane, irin sandunan da 'yan Singafo ke zanawa, doguwa ta Ali, gajera ta Umar, yaro ya ga tazarar da idonsa. Alƙaluma su zo ƙarshe. Ki bar su su tattauna bibbiyu da Larabcinsu na minti biyu kafin su ba ki amsa da Turanci. Ki ba su ƙirar jimla a bango su riƙa cikewa. Kuma in kina gyaran takarda, ki raba makin lissafi da na harshe, ko da a littafinki ne ke kaɗai, don ki san wa ke buƙatar me.

Malamar_AlAin
Na gode ƙwarai. Zanen sanduna ina yi, yana aiki sosai. Tattaunawa da Larabci ce matsala. Masu kula da mu suna shigowa duba darasi, in suka ji Larabci a ajin lissafi sai a rubuta cewa malama ba ta riƙe harshen koyarwa ba. Wasu iyayen ma ƙorafi suke kawowa, su ce Turanci suka biya. Ni kuma Larabcina na islamiyya ne da na kasuwa, ina gane abin da yara ke faɗa amma ba zan iya dogon bayani da shi ba.

Bintun_Yerwa
Ba sai an je Dubai ba ma. Ina koyarwa a Maiduguri, kuma tun da rikici ya kwaso mutane daga Ngala da Kala Balge da Dikwa, ajinmu cike yake da yaran Shuwa. Larabcinsu suke yi a gida, wasu da Kanuri kaɗan, Hausa a nan suka tsince ta, littafi kuma Turanci. Abin da nake yi shi ne in nemo yaro ɗaya mai wayo a kowane benci wanda ya ji Hausa, in yi bayani, shi ya juya wa 'yan uwansa. Ƙirga kuwa sun iya tun daga gida, yaran da suka tashi da shanu da awon madara. Ba mu da allon lantarki ba mu da komai, amma ba wanda ke shigowa ya hana ni amfani da harshen da yaro ke ji. Da na karanta maganar Malama sai na ga ta wannan fuskar na fi ta sarari.

Hajjo_Njamena
Mu a Chadi Faransanci da Larabci ne harsunan gwamnati. Yarana Hausa a gida, Larabcin Chadi a unguwa, Faransanci a makaranta. Maƙwabciyata ta sa nata a makarantar Larabci, tana zaton za su samu sauƙi tun da suna jin Larabcin titi. Shekarar farko sun sha wuya su ma, don na littafi daban ne, kamar yadda Ɗan_Maiwurno ya ce. Amma zuwa aji uku sun wuce nawa a karatu da fahimta, wannan da idona na gani. Inda nawa za su rama shi ne wajen neman aikin ofis. Kowa da inda tasa ke jiransa.

Malam_Kimiyya_Maskat
Kowa ya tsaya kan lissafi an bar kimiyya, alhali a nan ciwon ya fi tsanani. Lissafi yana da alƙaluma da alamomi da yaro zai jingina da su. Kimiyyar firamare kuwa magana ce: me ka gani, me kake zato zai faru, don me. Ka sa ƙanƙara a kofi, ka tambayi yara daga ina ruwan da ke jikin kofin ta waje ya fito. Da harshensu za su yi ta gardama, wannan ya ce kofin ne ke yoyo, wancan ya ce daga iska ne, wata ta ce a goge a sake gani. Wannan gardamar ita ce darasin. Da Turanci kuwa sai su yi shiru su jira ka faɗi kalmar da za su haddace. Ƙarshe yaro ya iya rubuta sunan abu da Turanci daidai, harafi bai ɓace ba, amma bai taɓa yin tambaya a kansa ba.

Oman wata hanya ta bi. A makarantun gwamnati lissafi da kimiyya da Larabci ake yi, Turanci kuma darasi ne tun daga aji ɗaya, tun gyaran 1998. Daga baya suka ɗauko manhajar Cambridge ta lissafi da kimiyya aka fassara ta aka daidaita ta da ƙasar. Wato an ɗauki tsarin koyarwar an bar harshen. Ba na cewa komai ya gyaru, ɗalibai da yawa har yanzu sai sun yi share fagen Turanci a jami'a, wanda shi ne kukan Injiniya. Amma yaro ɗan aji uku yana iya yi maka musu a darasin maganaɗisu, ni kuma wannan nake nema.

Injiniya_KD
To ka ga ka dawo kan maganata da bakinka. Share fage yana nan. Kuma ku daina kawo Katar kamar ita ce ƙarshen zance. Maleshiya ta fara koyar da darussan nan da Turanci a 2003, ta sanar da janyewa a 2009, sannan a 2016 ta sake buɗe wa makarantun da suka cika sharaɗi su zaɓi Turanci. Ƙasashe suna kai da komo ne saboda buƙatar Turancin ba ta tafi ko'ina ba.

Abu_Hanan_Doha
Maleshiya ba Larabci suke yi ba, amma dalilin janyewarsu shi ne na Katar: malamai ba su shirya ba, yaran karkara aka bari a baya. Kuma a Katar ɗin, da aka koma Larabci, iyaye masu hali da yawa sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi na Turanci. Wannan gaskiya ce da ba ta goyon bayana, amma haka abin yake.

Baba_Tsohon_Hedimasta
Injiniya ɗana, ba a fara gini daga rufi. In yaro ya fahimci rabawa da harshen uwarsa, ranar da ya koyi Turanci suna kawai zai sauya mata, ba zai sake koyon rabawa ba. In bai fahimta ba, ko da wane harshe ka tambaye shi babu. Ɗan Hajiya Ummu_Sadiq da ya yi kuka a Kano, ina so ta gaya mana, bayan ya kama Turancin ya lissafin nasa ya kasance?

Ummu_Sadiq
Baba, ya ci lissafi da kyau, yanzu yana jami'a. Amma sai da ya maimaita shekara, kuma an biya malamin gida. Ba kowa ke da halin wannan ba. Abin da ke damuna yanzu ƙaramar ce, tana aji biyu a makarantar Turanci. Tana karanta Turanci da kyau, amma in na aike ta shago ba ta iya lissafa canji da kowane harshe, wanda yayanta yana yi tun kafin ya kai shekarunta. Ban san ko makarantar ce ko harshen ba ko yarinyar.

Mai_Nazarin_Harshe
Hajiya, gwada wannan a gida. Ki zuba mata riyal da halala na gaske a tabarma, ki yi mata tambayar da Larabcin da kuke yi a gida, ba takarda ba biro. In ta iya, harshe ne matsalar, sai ki riƙa yi mata bitar darasin mako da Larabci. In ba ta iya ba ko da hakan, to tushen ƙirgar ne bai zauna ba, sai a koma baya a gina shi, kuma da harshen gida za a fi saurin ginawa. Wannan gwajin Malamar_AlAin ma za ta iya roƙon malamar Larabci ta makarantarsu ta yi wa yara biyar ko shida, a ajiye sakamakon gefe da na Turanci. Shugaban makaranta ya fi saurin sauraron takarda biyu a gabansa fiye da ra'ayin malama.

Ɗan_Maiwurno
Shawara mai kyau, sai dai a kula da wace Larabci za a yi gwajin. In malamar ta karanta tambayar da fusha mai nauyi, ɗan Siriya da ɗan Sudan za su iya faɗuwa a nan ma, a ce ai ga shi ko da Larabci ba su iya ba. A bar ta ta faɗa da baki yadda ake magana.

Injiniya_KD
Na ji duka. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsa: in an yi aji ɗaya zuwa huɗu da Larabci, a wane aji za a juya, kuma wa zai koyar a shekarar juyawar? Malamin da ya iya lissafi, ya iya Larabci, ya iya Turanci, ya kuma iya yara, nawa ne a kasuwa, kuma wace makarantar kuɗi ce za ta biya shi?

Malam_Kimiyya_Maskat
Irin waɗannan malaman suna nan, 'yan Jodan da Lebanon da Sudan da Tunisiya da yawa haka suke. Makarantu ne ke fifita fasfo a kan iyawa, don iyaye suna son ganin Bature a hoton talla. Game da aji kuwa, ni zan fara shigar da sunayen abubuwa da Turanci tun aji uku, gefe da na Larabci, lissafi ya juya a aji biyar, kimiyya ta jira sai aji bakwai. Na san Mai_Nazarin_Harshe zai ce biyar ta yi wuri.

Mai_Nazarin_Harshe
Ta yi wuri in Turancin awa uku ne a mako. In kullum ne, da malami na gaske, za mu iya magana. Hajiya Ummu_Sadiq, in kin yi gwajin ki dawo ki faɗa mana da wane harshe ta fara ƙirgawa da kanta kafin ki ce komai.